Jan gargaɗi na tare masu saye a shafin biyan kuɗi na shagona

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shafukan intanet game da wata matsala da ta tsayar mini da ciniki. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda daga Kano, kuma a kwanan baya an ɗauke shafin shagon daga kamfanin da ke ajiye mana shi zuwa wata sabar ta daban, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, saboda nauyin da yake yi wajen buɗewa. Tun daga lokacin, mai saye zai shiga shago lafiya, ya duba kaya, ya zaɓi abin da yake so, amma da zarar ya danna maɓallin biyan kuɗi sai gargaɗi ya tare shi, yana sanar da shi cewa haɗin ba amintacce ba ne, kuma wasu na iya sace bayanan katinsa. Mutane da dama sun turo mini hoton abin ta WhatsApp, wata ma ta tambaye ni kai tsaye ko 'yan damfara ne suka ƙwace shafin. Wanda ya gina mana shi ba ya tare da mu yanzu. Ɗan ƙanwata Mubarak ne ke kula da sabar, kuma na saka shi a wannan zaure domin ya amsa tambayoyin da suka fi ƙarfina.

Nura: Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina abin bai kai a tayar da hankali ba, domin a ƙasan wannan gargaɗin akwai maɓallin da aka rubuta Advanced, wanda idan mutum ya danna zai ga hanyar wucewa zuwa shafin. Ki rubuta wa abokan cinikinki saƙo cewa shafin naki ne kuma lafiya ƙalau yake, su danna su wuce, kafin a samu lokacin gyara. Ai ko da ma lambar katin ba a shagonki ake shigar da ita ba, a tagar kamfanin karɓar kuɗi ake shigarwa, irin su Paystack ko Flutterwave.

Injiniya Sadiya: Malam Nura, ina roƙon kada Hajiya ta bi wannan shawarar ko da na yini ɗaya ne. Gargaɗin da mai saye ke gani lokacin da aka yi kuskure wajen saita sabar shi ne dai gargaɗin da zai gani a ranar da wani ya tsaya tsakaninsa da shagon yana karanta abin da yake aikawa, kuma babu yadda za a yi ya bambance su da ido. Idan aka saba masa da dannawa ya wuce, an raba shi da kariyar da ta rage masa ke nan, a wannan shagon da ma sauran wuraren da yake shiga da katinsa. Batun cewa a tagar kamfanin karɓar kuɗi ake shigar da kati shi ma bai warware komai ba, domin shafin shagon ne ke buɗe wannan tagar, kuma wanda ya iya canza abin da ke cikin shafin zai iya buɗe wa mai saye wata tagar jabu mai kama da ita. Ban da haka, suna da lambar waya da adireshin gida duk a shafin Hajiya ake rubuta su.

Hajiya, abin da nake buƙata daga gare ki shi ne ki sake duba hotunan da aka turo miki. A ƙarƙashin babban rubutun gargaɗin akwai wani ɗan layi da manyan haruffa wanda yake farawa da NET::ERR_CERT. Ki kwafo mana shi daga kowane hoto, kada ki ɗauka duka iri ɗaya ne, sannan ki duba adireshin da ke saman hoton ki gaya mana ko ya yi daidai da adireshin shagon harafi da harafi.

Hajiya Rabi: Na gode, Injiniya, kuma gaskiyarki, ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawan hotunan suna ɗauke da NET::ERR_CERT_COMMON_NAME_INVALID. Akwai wata baiwar Allah da nata ya nuna NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, sai kuma wani tsohon abokin ciniki daga Maraɗi wanda nasa ya nuna NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, kuma shi ya ce tun a shafin farko gargaɗin ke tare shi, ba sai ya kai wurin biya ba. Game da adireshi, bari in kira shagon misali.com.ng domin kada in tallata shi a wannan hali. A hotunan da suka fi yawa, abin da ke sama shi ne biya.misali.com.ng.

Injiniya Sadiya: To, yanzu magana ta fito fili, matsaloli uku ne mabambanta suka haɗu aka ɗauke su a matsayin ɗaya. Burauza, wato manhajar buɗe shafi irin su Chrome, tana karɓar takardar shaidar tsaro daga sabar domin ta tabbatar da shafin da aka shiga, kuma tana yi mata tambayoyi uku kafin ta amince da ita: ko sunan da ke jikinta shi ne sunan shafin da aka shiga, ko wa'adinta yana nan bai ƙare ba, da kuma ko wanda ya sa mata hannu yana cikin waɗanda na'urar ta yarda da su. Kowane layi daga cikin ukun da kika kawo amsar ɗaya ce daga cikin waɗannan tambayoyin.

Babbar matsalar ita ce ta suna. Takardar shaida tana ɗauke da jerin sunayen da aka bayar da ita dominsu, kuma tun daga Chrome 58 a shekarar 2017 wannan jerin kaɗai burauzar ke dubawa. A wurin burauza, misali.com.ng da www.misali.com.ng da biya.misali.com.ng wurare uku ne daban, duk da cewa mutum ɗaya ne ya mallake su. Zatona shi ne tsohon kamfanin yana amfani da manhajar sarrafa shafuka ta cPanel, wanda tsarinsa na AutoSSL ke tattara ƙananan sunayen da ke ƙarƙashin shafi ya nema musu shaida da kansa ba tare da kowa ya lura ba, sannan da aka koma sabuwar sabar aka nemi shaida ga sunayen da aka tuna da su kawai. Mubarak, idan da Certbot, manhajar neman takardar shaida, aka karɓo ta, ka rubuta `certbot certificates` a sabar ka gaya mana sunayen da ya lissafa.

Mubarak: Anti Sadiya, na duba. Sabar tana aiki da Nginx, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara, takardar kuma ta Let's Encrypt ce, masu bayar da shaida kyauta, kuma sunaye biyu ne a jikinta, misali.com.ng da www.misali.com.ng. Ina da tambaya kafin in taɓa komai. Idan na saita sabar ta riƙa juya duk wanda ya nufi biya.misali.com.ng zuwa babban adireshin, ba zai wadatar ba?

Injiniya Sadiya: Ba zai wadatar ba, kuma dalilin yana da muhimmanci domin mutane da yawa suna ɓata lokaci a kansa. Burauza tana karɓar takardar shaida ta tantance ta tun kafin ta nemi kowane shafi daga sabar, umarnin juyawa kuwa yana zuwa ne bayan an gama wannan tantancewar. Saboda haka gargaɗin zai bayyana kafin umarninka ya samu damar isa ga mai saye. Ko da juyawar kake son yi, dole sai sunan da ake juyawa daga gare shi ya shiga takardar. Ka sake neman ta da sunayen uku gaba ɗaya, kowanne da `-d` a gabansa, ka ƙara `--expand` domin ta maye gurbin wadda ke nan. Amma ka fara gwadawa da `--dry-run`, domin Let's Encrypt na da iyaka ga yawan ƙoƙarin da ya gaza a cikin sa'a ɗaya, kuma idan ka cika iyakar sai ka zauna jira ciniki na tsaye.

Alhaji Garba: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban musanta ilimin Injiniya ba, amma ina ganin an tsallake tushen magana. Hajiya kasuwanci take yi da dukiyar mutane, don me za ta dogara da takardar kyauta wadda ke mutuwa duk bayan kwana 90? Ni a nawa shafin sayen takarda nake yi, in biya kuɗin shekara, in samu kamfanin da zan kira idan abu ya lalace. Abin da aka ba ka kyauta ba ka da bakin yin ƙorafi a kansa. Shawarata ita ce ta sayi irin wadda ke da alamar tauraro a gaban suna, wadda ke rufe duk ƙananan sunaye a lokaci guda, ta huta da wannan wahalar.

Injiniya Sadiya: Ranka ya daɗe, Alhaji, akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarka kuma zan dawo kansa, amma bari in fara da inda muka saɓa. Ƙarfin ɓoye bayanai tsakanin wayar mai saye da sabar bai dogara da kuɗin da aka biya wa takardar ba. Ta kyauta da ta saye duk aiki ɗaya suke yi a nan, kuma burauza ba ta fifita ɗaya a kan ɗaya. A da takardu masu tsada suna sa sunan kamfani ya bayyana kusa da adireshi, amma Chrome da Firefox sun cire wannan daga wurin tun 2019. Ko alamar kwaɗon da muka saba gani Chrome ta sauya ta a 2023, saboda mutane suna ɗaukarta a matsayin shaidar cewa mai shafin mutumin kirki ne, alhali abin da take nufi kawai shi ne hanyar a rufe take.

Maganar shekara guda kuma ba mai ɗorewa ba ce. Tun daga Satumban 2020 burauzoji ba sa karɓar sabuwar takardar da wa'adinta ya wuce kwana 398, kuma a Afrilun 2025 ƙungiyar CA/Browser Forum, wadda ta haɗa masu bayar da shaida da masu ƙera burauza, ta amince da rage wa'adin zuwa kwana 200 daga 15 ga Maris 2026, zuwa kwana 100 daga Maris 2027, sannan zuwa kwana 47 daga Maris 2029. Wannan doka ta shafi wanda ya saya kamar yadda ta shafi wanda ya karɓa kyauta. Don haka duk mai shago, ko ya so ko ya ƙi, zai koma ga tsarin da sabar ke sabunta takardarta da kanta. Game da mai tauraro kuwa, a sani cewa *.misali.com.ng tana rufe biya da www, amma ba ta rufe misali.com.ng shi kansa sai an rubuta shi daban, kuma ba ta rufe suna mai hawa biyu, irin su a.biya.misali.com.ng. Let's Encrypt ma tana bayar da irinta, sai dai tana buƙatar a tabbatar da mallakar suna ta hanyar DNS, wato tsarin da ke haɗa sunan shafi da adireshin sabarsa, kuma hakan ya fi wahalar sarrafawa. Ga shago mai sunaye uku ban ga buƙatarta ba.

Mubarak: Gwajin bai yi nasara ba. Sunaye biyun farko sun wuce, amma a kan biya.misali.com.ng ya ce bai samu fayil ɗin da ya nema a ƙarƙashin /.well-known/acme-challenge/ ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne adireshin da ya nuna ya tuntuɓa ba irin lambobin da na sani na sabarmu ba ne, dogo ne mai haruffa da alamar ɗigo biyu-biyu a tsakani.

Malam Isuhu: Mubarak, wannan dogon adireshin na IPv6 ne, wato sabon tsarin adireshin intanet, kuma kusan tabbas na tsohuwar sabar ne. Ka shiga inda ake sarrafa DNS na shafin ka duba layukan da ke ƙarƙashin biya. Za ka tarar da layin A wanda aka gyara yana nuna sabuwar sabar, da kuma layin AAAA wanda aka bari yana nuna tsohon wuri. Let's Encrypt tana fara gwada IPv6 idan ta ga akwai shi, shi ya sa ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba taku ba. Idan sabuwar sabar tana da adireshin IPv6 kuma Nginx yana sauraro a kansa, ka saka nata, idan kuwa babu, ka goge layin gaba ɗaya. Ka kuma tabbatar ƙofa ta 80 a buɗe take, domin ta nan ake yin wannan tantancewar, kuma wasu suna rufe ta da zaton cewa tunda komai ya koma ƙofa ta 443 ba ta da sauran amfani.

Mubarak: Haka ne, Malam Isuhu, layin AAAA yana nan yana nuna tsohon kamfanin. Na goge shi, na jira canjin ya bazu, gwajin ya wuce, na nemi takardar ta gaskiya, na sake loda Nginx. Yanzu shafin biyan kuɗi yana buɗewa ba gargaɗi a wayata da kwamfutata.

Hajiya Rabi: Alhamdu lillahi, ni ma na gwada ya buɗe, Allah ya saka muku da alheri. Sai dai akwai wani abu da ban ambata ba da farko domin ban san yana da alaƙa ba. Waɗanda suka daure suka biya a kwanakin nan, kuɗinsu ya shigo, amma a cikin shagon odarsu tana nan a matsayin wadda ba a biya ba, sai na bi ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu. Wata ta biya ɗazu bayan gyaran da Mubarak ya yi, kuma tata ma haka ta tsaya.

Injiniya Sadiya: Yana da alaƙa sosai, Hajiya, kuma da ba ki faɗa ba da mun tashi muna zaton an gama. Bayan mai saye ya biya, kwamfutar kamfanin karɓar kuɗi ce ke tuntuɓar sabarki ta sanar da ita cewa kuɗi sun shiga, kuma ita ma tana tantance takardar shaida kafin ta yi magana. Tunda matsalar suna ta kau amma saƙon bai iso ba, ina zargin silsilar takardar ce ba ta cika ba. Abin kamar takardar shaidar zama ɗan gari ce, wadda mai unguwa ya sa wa hannu, dagaci ya tabbatar da mai unguwar, hakimi kuma ya tabbatar da dagacin. Wanda ke nesa hatimin hakimi kaɗai ya sani, saboda haka idan aka miƙa masa takardar ba tare da shaidar tsakiya ba, ba shi da hanyar haɗa ta da wanda ya yarda da shi. Chrome kan je ta nemo shaidar tsakiyar da kanta idan sabar ba ta aiko ba, Firefox kuma tana ajiye da yawa daga cikinsu tun asali, shi ya sa ku ba ku ga komai ba. Manhajojin da sabar ke amfani da su wajen tuntuɓar wata sabar, irin su curl, ba sa yin wannan, yanke haɗin kawai suke yi.

Mubarak, ka buɗe saitin Nginx na biya.misali.com.ng ka duba layin `ssl_certificate`. Certbot yana ajiye cert.pem wanda takardar shagon ce kaɗai, da fullchain.pem wanda ya haɗa ta da ta tsakiya, kuma na biyun ne ya kamata ya kasance a wannan layin. Bayan ka gyara kada ka dogara da wayarka, ka saka sunan a gwajin SSL Labs na kamfanin Qualys, wanda zai faɗa maka ƙarara idan silsilar ba ta cika ba.

Mubarak: A saitin babban shafin fullchain.pem ne, amma a na biya cert.pem aka rubuta. Na canza, na tabbatar da `nginx -t` kafin in sake lodawa, kuma SSL Labs bai nuna wata matsala a silsilar ba. Na sayi ɗan ƙaramin kaya da katina domin gwaji, odar ta koma wadda aka biya da kanta cikin ɗan lokaci.

Alhaji Garba: Madalla da wannan, amma har yanzu ba a amsa batun mutumin Maraɗi ba, kuma Injiniya ta yi alkawarin dawowa kan inda nake da gaskiya. Mu da muke ciniki da mutanen karkara da na ƙetaren iyaka mun san ba kowa ke canza waya duk shekara ba.

Injiniya Sadiya: Ban manta ba, ranka ya daɗe. Tunda shi tun a shafin farko yake ganin gargaɗin, inda silsilar take cikakkiya, to wayarsa ce ba ta san tushen da takardar ke komawa gare shi ba, wato shaidar da ke matsayin hakimi a misalin da na bayar. Tushen Let's Encrypt, wanda ake kira ISRG Root X1, ya shiga Android ne daga 7.1.1. Wayoyin da suka girmi wannan sun daɗe suna aiki ta hanyar sa hannun wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3, wanda nasa wa'adin ya ƙare a 30 ga Satumba 2021, aka yi dabarar da ta tsawaita amfaninsa a Android, ita ma ta zo ƙarshe a 2024. Hajiya ta tambaye shi lambar Android ɗin wayarsa. Idan 7.0 ce ko ƙasa da haka, babu gyaran da Mubarak zai yi wa wannan takardar da zai sa ta karɓu a Chrome ɗinsa. Abin da Let's Encrypt da kanta ta ba da shawara shi ne masu irin waɗannan wayoyi su yi amfani da Firefox, domin tana tafe da nata jerin amintattun tushe, ba ta dogara da na wayar ba.

Inda kake da gaskiya shi ne akwai masu bayar da shaida waɗanda tushensu ya daɗe a cikin tsofaffin wayoyi, kuma idan Hajiya ta ga masu irin wannan waya suna da yawa a cikin abokan cinikinta, sauya mai bayarwa hujja ce mai ƙarfi. Amma tsufan tushen ne ke yin aikin, kuma kafin a biya ko sisi sai a tambayi mai sayarwa daga wace Android takardarsa ke karɓuwa. Bayanan ziyara da Nginx ke ajiyewa ba za su nuna yawansu daidai ba, tunda wanda gargaɗi ya tare bai kai ga neman shafi ba, don haka tambayar mutane kai tsaye ta fi amfani.

Malam Isuhu: Ita kuma mai NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, tunda takardar ba ta mutu ba kuma ita kaɗai ta ga wannan, a ce mata ta duba kwanan wata da agogon wayarta, ta kunna saitin da ke ɗaukar lokaci daga layin waya. Wayar da aka cire wa batir ko ta daɗe a mace kan koma wata tsohuwar shekara, sai ta ɗauka wa'adin takardar bai fara ba tukuna.

Mubarak, saura abu ɗaya da ya fi duk waɗannan yawan jefa shaguna cikin matsala, wato sabuntawa. Certbot kan sabunta takardar kwana 90 idan ya rage mata kwana 30, amma Nginx yana ci gaba da miƙa wadda ya ɗauka tun lokacin da aka loda shi, har sai an sake loda shi. Idan da `certonly` aka karɓi takardar, ka saka `--deploy-hook` mai umarnin `systemctl reload nginx`, in ba haka ba za ka ga sabuwa a ajiye a faifai alhali masu saye suna karɓar matacciya. Kada kuma ku jira wasiƙar tunatarwa, domin Let's Encrypt ta daina aika saƙon imel na ƙarewar wa'adi tun watan Yunin 2025. Ku nemi wata manhajar sa ido daga wajen sabar wadda za ta riƙa duba sunayen uku, har da biya, ta aiko muku da saƙo idan kwanakin da suka rage sun yi ƙasa da 20.

Nura: Na ji bayanin Injiniya kuma na ga inda gyaran ya kai. Tambayata ita ce, idan irin wannan ta sake faruwa da dare ko lokacin cinikin sallah, kuma ba a samu mai gyara nan take ba, me mai shago zai gaya wa mutanen da ke jiran biya?

Injiniya Sadiya: Ya rufe maɓallin biyan kuɗi na ɗan lokaci, ya rubuta a shafin farko cewa ana gyara, ya karɓi oda ta lambar da abokan ciniki suka riga suka sani, sannan ya aika musu da mahaɗin biya wanda ke kan adireshin kamfanin karɓar kuɗin kansa, tunda manyan kamfanonin suna ba 'yan kasuwa damar ƙirƙirar irin wannan shafi. Ta haka ciniki bai tsaya ba, kuma ba a ce wa kowa ya tsallake gargaɗi ba.

Mubarak: Na saka umarnin sake lodawa, kuma `certbot renew --dry-run` ya wuce a kan sunayen uku. Mutumin Maraɗi ya amsa wa Hajiya cewa wayarsa Android 7.0 ce, ya sauke Firefox, kuma shagon ya buɗe masa har wurin biya. Hajiya ta ce za ta tambayi sauran abokan cinikinta na can irin wayoyin da suke riƙe da su kafin mu yanke shawara kan maganar Alhaji ta sauya mai bayar da takarda. Alhaji, idan ba damuwa, ka turo mana sunan tushen da takardar shafinka ke komawa gare shi, domin in gwada ta a tsohuwar wayar da ke gidanmu in ga ko tana karɓuwa.